Kifin Shak a Idon Mai Nutso: Lacca kan Tsoro da Ƙidaya

Kifin shak, wanda Larabawa ke kira ƙirshu, har wasu malaman lugga suka ce daga sunansa aka samo sunan ƙabilar Ƙuraishu saboda rinjayensa a kan halittun teku, kifi ne da mafi yawan mutanen Garki da Ringim da Dutse ba su taɓa gani ba sai a talabijin ko a waya, amma sunansa ya iso nan tare da tsoronsa. Dalilin kawo shi gaban wannan zama shi ne, a yau dubban mutane na kashe kuɗi masu yawa su tafi tsibiran ƙasashe masu zafi lokacin hutu, su nutse ƙarƙashin teku da gangan domin su yi ido huɗu da shi, su kuma fito lafiya, kuma wannan ya isa a tsaya a auna tazarar da ke tsakanin abin da ake tsoro da abin da ke kisa.

Kalmar shak suna ne na dangi mai nau'i fiye da 500, kuma abin da ya haɗa su shi ne jikinsu ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa ko giwan ruwa, guringuntsi ne ke riƙe da shi, irin wanda ke kunnen mutum. Mafi girmansu yana wuce mita 12, amma ƙananan halittu yake tacewa daga ruwa ya ci, shi ya sa masu yawon buɗe ido ke iyo a gefensa a tsibirin Mafiya na Tanzaniya. A hancin shak akwai ƙananan ramuka, waɗanda Stefano Lorenzini na Italiya ya bayyana a 1678, da suke jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin duk mai rai, ko da ya ɓuya cikin yashi. Haƙoransa kuwa zubewa suke wasu na maye gurbinsu har ƙarshen rayuwarsa, kuma ta wannan hanya ce ya bar shaida a ƙasar Hausa kanta, domin masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta cewa shekaru miliyan 50 zuwa 100 da suka wuce wani reshen teku ya ratsa Sahara ya malale yankin Sakkwato, kuma a 1934 Errol White ya wallafa bincike kan ragowar kifayen da aka tono a lardin, har da haƙoran shak. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina shimfiɗar wancan teku ne.

Nutso ba baƙon abu ba ne ga masuntan kogin Haɗeja ko na Argungu, sai dai nasu na riƙe numfashi ne, wanda ba ya wuce ɗan lokaci. Nutson da ake magana a kai shi ne wanda mutum ke goya tukunyar iska a bayansa, yana shaƙa ta wata na'ura da ke daidaita ƙarfin iskar da nauyin ruwan da ke kansa, wadda Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera a 1943. Duk mita 10 da mutum ya gangara, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya gaba ɗaya, kuma wannan matsi yana tura sinadarin naitirojin cikin jini, ta yadda idan ya taso da gaggawa sinadarin zai yi kumfa a jijiyoyi kamar lemon kwalba da aka buɗe bayan an girgiza, abin da ke kawo ciwon gaɓoɓi, da shanyewar jiki, wani lokaci da ajali. Saboda haka sabon hannu ba ya wuce mita 18, ƙwararren mai nishaɗi ba ya wuce 40, ana tasowa a hankali, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi sa'o'i 12 zuwa 18 a ƙalla bayan nutso. Wanda firgita ta sa ya cilla sama saboda ya hango shak ya gudu daga ƙaramin haɗari zuwa babba.

A tsibiran Palau da ke tekun Fasifik akwai wata kusurwar dutsen murjani inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, har masu nutso kan maƙala ƙugiya a dutse su ɗaure ta a jikinsu don kada ruwa ya tafi da su. A zurfin da suke tsayawa launin ja ya riga ya ɓace, komai ya koma shuɗi, jini ma kore yake bayyana, kuma ba a jin komai sai ƙarar numfashin mutum da kumfar da ke tashi. Shak masu ruwan toka, waɗanda tsawonsu bai cika wuce mita biyu ba, sukan jeru suna fuskantar igiyar kamar shirwa a kan iska, ɗaya ya ratso kusa, ya juya ido ya dubi baƙon, ya wuce abinsa. Sau da yawa ƙarar kumfar ce ma ke korarsu, har masu ɗaukar hoto na kukan cewa kifin ya ƙi matsowa.

Wannan ba ya nufin babu haɗari. A ƙarshen shekarar 2010, a Sharm el-Sheikh da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar, shak ya raunata masu yawon buɗe ido huɗu ya kuma kashe wata Bajamushiya cikin 'yan kwanaki, kuma masu bincike sun zargi gawar tumaki da aka zubar daga jirgin ruwa da kuma ɗabi'ar ciyar da kifaye da hannu. Amma ma'ajiyar bayanan cizon shak ta duniya da ke Fulorida a Amurka tana ƙirga cizo kusan 70 a shekara wanda ba tsokana ta jawo shi ba, mace-macen kuma ba su cika kai goma ba, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa a saman ruwa suke. Tsoron da ya game duniya ya fi samun ƙarfi daga fim ɗin Jaws na 1975.

A nan ne Garki ke da abin faɗa, domin daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan wannan yanki, ana ɗibar jinin jama'a duk mako goma, ana feshin ɗakuna, ana raba magani, kuma littafin da ya fito a 1980 da sunan garin har gobe masana na komawa gare shi. Iyaye da kakannin wasu daga cikin mahalarta wannan zama ne suka miƙa yatsunsu aka soka, duniya ta koyi auna cuta da ƙidaya. Da wannan ma'auni, sauron da ake kora da tafi yana kashe mutane kusan 600,000 a shekara, kusan kashi 30 cikin ɗari a Nijeriya, ruwa kuma yana cin fiye da 200,000, ciki har da waɗanda kwalekwale ke kifewa da su a Jigawa da damina.

Idan aka juya lissafin, shak ne ke da dalilin tsoro. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa ana kashe kusan miliyan 100 a shekara, da yawa don fiffikensu da ake miya da shi a gabashin Asiya, kuma kifi ne mai jinkirin balaga da ƙarancin haihuwa. Palau ta haramta kama shi a 2009, Maldibs ta bi sahu a 2010, kuma bincike na 2011 ya nuna shak ɗaya mai rai yana jawo wa Palau kusan dala miliyan 1.9 a tsawon rayuwarsa ta hanyar baƙi, alhali in an kashe shi kuɗinsa dala 108 ne.

Ɗalibi ko ma'aikacin da Allah ya kai shi irin waɗannan tsibirai ya nemi horo da takardar shaida kafin ya goya tukunya, kada ya nutse shi kaɗai, kada ya taɓa kifin ko ya ba shi abinci. Wanda kuma tafiyarsa ba ta wuce ƙetare kogi zuwa kasuwa ba, ya nemi rigar kariya kafin ya shiga kwalekwale, ya kuma ɗaura gidan sauro kafin ya kwanta.