Ruwanmu Na Ƙarƙashin Yashi

Yau maganar yashi za mu yi.

Duk wanda ya taso a Gafasa ko ƙauyukan Ajingi da Gaya ya san halin ƙoramunmu: da damina su cika maƙil, rani na shigowa su ƙafe. To amma fa ruwan bai tafi duka ba, yana nan kwance a ƙarƙashin yashi, rana ba ta shanye shi. Shi ya sa mai lambu zai ɗan tona ya kafa injinsa, makiyayi ma ya shayar da shanunsa.

Kogin Wudil yana da dam ɗin Tiga tun 1974. Ƙoramunmu kuwa, yashin nan shi ne dam ɗinsu. Idan tifofi suka kwashe shi, ruwa zai yi ƙasa, gaɓa ta zube, zaizaya ta ci gona. Eh, samarinmu na samun na cefane a lodi, amma kuɗin yini guda ne.

A Kitui ta ƙasar Kenya, katangar siminti suke ginawa a tsakiyar ƙorama don yashi ya taru, ya riƙe musu ruwa har rani.

Mu ma mu zauna da mai unguwa da dagaci, a ware inda za a ɗiba, a bar gaɓar gonaki da mashaya. Shirin ACReSAL yana aiki a Kano, mu kai masa buƙatarmu a rubuce.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.