Inna, Ina Ruwan Gulbi Yake Zuwa?

  Wadda ke tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, wadda ke saƙar hula kada ta ajiye allura, kunne kawai muke roƙo.

Yau maganarmu a kan tambayoyin yara ne. Kowace uwa ta san su. Kina tsakiyar tuƙa tuwo yaro zai ja zanenki ya ce, Inna, don me wata yake bin mu? Inna, ina ruwan gulbi yake zuwa? Sau da yawa amsar da muke bayarwa ita ce, kai rufa mini baki, ko kuwa jira Babanku ya dawo. To, yaro yana da wayo. Ya tambaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku bai samu komai ba, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ɗakin uwarsa ba wurin sani ba ne. Daga nan sai ya kwashi tambayoyinsa ya kai waje, can kuwa ba ki san wanda zai ba shi amsa ba, ba ki kuma san irin amsar ba.

Wata za ta ce ai ni ina cikin kulle, ina zan san duniya? 'Yar uwa, katanga ta kewaye gida, amma tsakar gida ba ta da rufi. Kuma mu nan Sakkwato ba mu da hujja. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta shirya jajoji suna kai karatu har ƙauyuka ga matan da ba su iya fitowa, abin da muke kira 'Yan Taru. Ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, da Baturen Ingila mai suna Kilafatan ya zo garin nan a 1824, ya fito masa da taswirar sama, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san burujai da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Ke nan sanin sama da ƙasa gadonmu ne.

Bari mu fara da kacici-kacici. Zara matar wata, wadda ke fitowa yamma bayan magariba, da Gamzaki uban taurari, mai fitowa gabas da asuba, wa ya fi wani girma? Na san wasu sun ce Gamzaki, tunda shi ne namiji. To, ba wanda ya fi wani, domin abu ɗaya ne. Larabawa suna ce mata Zuhura. Wasu watanni takan bi bayan rana sai mu gan ta da yamma, ta ɓace kwanaki, sannan ta riga rana fitowa sai mu sake mata suna. Shi ya sa ba za ki taɓa ganin Zara da magariba ki kuma ga Gamzaki tsakar dare a saman kanki ba, kullum tana kusa da rana. Kuma ba ta da hasken kanta. Duniya ce 'yar uwar tamu, girmansu kusan ɗaya, hasken rana take maido mana kamar yadda madubi ke yi. Zafin da ke kanta ya wuce maki 450. Mu da muke kuka in zafin bazara ya haura 40 a watan Afrilu, sai mu gode Allah.

Tambaya ta biyu ta shafi madafarmu. Me ya sa azumi ba ya zama wuri ɗaya? A 2014 mun yi shi cikin damina, a watan Yuli, amma a 2024 sai ga shi ya kama a watan Maris, zafi na shigowa. Dalili shi ne, daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani watan yake yin 29, wani ya cika 30, muna zaune muna jiran sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi. In kin haɗa watanni 12 sai ki samu kwana 354, alhali shekarar rana, wadda damina da rani ke bi, kwana 365 ce. Kowace shekara azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11. Cikin shekara 33 ya zaga damina da kaka da hunturu da bazara ya komo inda ya tashi. Ki tambayi tsohuwar gidanku sau nawa ta yi azumin damina a rayuwarta, daga amsarta ma yara za su iya ƙiyasta shekarunta.

Manomanmu kuwa ba da wata suke shuka ba, da taurari suke yi. Malamai sun kasa shekara gida 28, kowane tauraro kwana 13, in ban da ɗaya mai kwana 14. In kin ji maigida na cewa Zira'a ta kama, ko Nasara, ko Ɗarfa, lissafin da yake yi ke nan.

Yanzu mu sauko ƙasa, mu amsa wa yaron nan da ya tambayi inda ruwan gulbi yake zuwa. Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa a jihar Katsina, ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, ya zo nan kusa da gari ya haɗu da Gulbin Rima, wanda aka datse a Goronyo. Daga nan su nufi Argungu da Birnin Kabi, har su faɗa Kogin Kwara. Shi kuma Kwara baƙo ne mai dogon zango. Daga tsaunukan ƙasar Gini ya taso, ya bi ta Bamako, ya gitta kusa da Tambutu, ya wuce Yamai, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. A Lokoja ya gamu da Binuwai, su gangara tare zuwa teku. Ki ɗauki tsinke ki zana wannan a ƙasan tsakar gida, ki sa 'yan duwatsu a madadin garuruwa. Gobe ki share, ki ce yara su zana da kansu, wanda ya yi daidai a ƙara masa ƙuli-ƙuli.

Ga wata kuma da masu 'yan uwa a aikin Hajji suka sani. Ki buga waya Makka da ƙarfe 4 na yamma, a ce miki can ƙarfe 6 ne. Ko a cikin ƙasar nan, mutanen Maiduguri suna riga mu shan ruwa da kusan rabin awa. Duniya ce ke juyawa tana fuskantar gabas, na gabas sai su riga mu ganin rana, su kuma riga mu rabuwa da ita. Lemo ɗaya da tocila sun isa ki nuna wa yaro wannan a cikin ɗaki.

Da lemon nan da tocilar za ki nuna musu husufi ma. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su manta da ranar 29 ga Maris 2006 ba, da hantsi, lokacin da rana ta dushe, a Gusau da Katsina da Maraɗi har gari ya yi duhu. Wata ne ya gitta tsakaninmu da rana. Rana ta ninka wata faɗi kusan sau 400, amma ta ninka shi nisa kusan sau 400, shi ya sa ƙaramin yake iya rufe babba, kamar yadda babban yatsanki zai rufe miki hasumiyar masallaci. Masana sun lissafa cewa ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi wani, wanda zai rufe rana gaba ɗaya a Makka da Jidda, mu nan wani ɓangare za mu gani in hadari bai tare ba. Don Allah, duk ranar da aka yi, kada ki bar yaro ya kalli rana da ido, kada kuma ya leƙa ta cikin ƙwaryar ruwa yadda aka saba, domin hasken yana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. Ku je ƙarƙashin dogon yaro ku dubi ƙasa, za ku ga ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye ya koma kamar 'yan jinjirayen wata.

Saura katun, wanda yaranmu ke manne wa a talabijin da waya. Ni dai ban ce a hana ba, ban kuma ce a sake musu ba. Kyanwar nan da ɓera, Tom da Jerry, a Amurka aka fara su tun 1940, sun girmi kakannin masu kallonsu. Abin da ya kamata ƙanana su ji daga bakinki shi ne, zane ne. Hotuna ne ake jerawa su wuce da sauri, 24 a daƙiƙa ɗaya, sai ido ya ga kamar motsi. Ki zana ɗan mutum a gefen shafukan tsohon littafi, kowane shafi ki ɗan ɗaga hannunsa, ki saki shafukan da yatsa, su gani da idonsu. Yaron da ya gane haka ya san kyanwar da aka maka wa taɓarya ta tashi ba kyanwar gaske ba ce, ba zai gwada a kan ƙaninsa ba.

Lokaci ya ci mu. Ga tambayar mako mai zuwa, ku haɗu da yara da kishiyoyi da surukai ku nemo amsa. Taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, guda nawa idonki yake iya ƙirgawa, kuma mene ne sunansu da Larabci, sunan da ake raɗa wa 'ya'ya mata? Sai mun ji daga gare ku. A gaida maigida, a shafa kan yara.