Da Me Za Ka Fitar Da Zane Kafin Ka Shafa Fenti?

(Jawabin da editanmu ya yi wa masu koyon zanen allo a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano)



Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya shiga kasuwar Tarauni, zai ga allunan shaguna da ƙyallayen sanarwa birjik. Kowanne sai da aka fitar da surarsa kafin a sa fenti. Daga nan gyara ko ɓarna ke farawa.

Na taɓa ba wani yaro aikin ƙyalle. Ya ja layi da biro, ya bi da farin fenti. Da ya bushe, sai shuɗin biron ya ɓullo. Ya ƙara shafawa, ya sake ɓullowa. Yadi da fenti suka tafi a banza.

To, ku saurara. Da farko a ɗaure ƙyallen a jikin katako ya miƙe. A shafa masa farin fenti sau biyu, a bari ya bushe.

Gawayi yana da araha, kuma yana goguwa. Amma ƙurarsa tana ɓata farin fenti da rawaya. In ka gama zane, kaɗe shi da tsumma, alama kaɗan ta rage. Ba ƙaramin kayan aiki ba ne. Michelangelo, wanda ya zana rufin wata majami'a a birnin Rum daga 1508 zuwa 1512, yakan huda takardar zanensa, a buga garin gawayi ta hujin.

Alli ya fi dacewa da allo mai duhu. Don miƙaƙƙen layi, shafa wa zare alli, ku ja shi ku biyu, ka ɗaga tsakiyarsa ka saki.

Fensir kuma iri-iri ne. A 1795 wani Bafaranshe mai suna Conté ya fara gauraya bakinsa da yumɓu. Mai alamar H tauri gare shi, mai B laushi da baƙi. Ɗauki HB, kada ka danna, domin yakan nuna ta ƙarƙashin fenti marar kauri.

Tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, ruwa na narkar da ita. Kada a bi ta da fentin ruwa.

In hannunka ya faɗa, tsinka fentin da za ka yi aiki da shi, ka zana da siririn burushi.

Kome ka zaɓa, fara gwadawa a gefen ƙyalle. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa wa sana'arku albarka, amin.