Yaranmu da Wasan Simba



Yau hirarmu kan wasannin nan ce da yara ke bugawa a waya ko kwamfuta. Da yawansu daga finafinan katun aka ciro su. Misali, kamfanin Disney na Amurka ya fitar da fim ɗin The Lion King a 1994, a shekarar kuma aka mayar da shi wasa. Yaro ne ke zama Simba, ɗan zakin nan, ya yi ta tsalle-tsalle har ya girma ya kara da Scar, baffansa da ya kashe mahaifinsa. Fim yana da ƙarshe, amma wasa in yaro ya faɗi sai ya sake, shi ya sa lokacin Islamiyya kan wuce bai sani ba.

'Yar uwa, kada ki ce ba ruwanki. Zauna kusa da shi, ki ce ya nuna miki, ki ji labarin daga bakinsa. Ki yanka masa lokaci, sai ya gama karatu da aike. In gidan gem zai je, ki san gidan, ki san kuɗin da ya ɗauka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.