Abin Da Majinyaci Ke Tararwa A Ɗakin Gaggawa: Jawabi Ga Jama'ar Utai



An turo ni in yi muku bayani a kan abin da majinyaci ke tararwa in an kai shi asibiti rai a hannun Allah. Mu ɗauki misalin mutumin da mota ta buge a kan hanya ran Juma'a, yana komowa daga kasuwar Wudil.

Da fari za a kai shi Babban Asibitin Wudil. Can ma'aikata za su tsai da jini, su ɗaura masa ruwa. In raunin ya fi ƙarfinsu, sai su rubuta takarda su tura shi Kano, tafiyar wajen mil 25, ko dai Asibitin Murtala, ko Asibitin Malam Aminu Kano wanda aka kafa a 1988, ko kuwa asibitin ƙashi na Dala.

To, a birni zai tarar da cunkoso. Watakila gadaje sun cika. Watakila kuma ya ga an wuce da wani wanda ya zo bayansa, ransa ya ɓaci. Ku sani a ɗakin gaggawa ba a bin layi irin na famfo. Wanda numfashinsa ke sarƙewa, ko mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, su ake fara dubawa, domin su ne ba za su iya jira ba.

Dalilin cunkoson kuwa, asibitocin Kano ba Kanawa kaɗai suke yi wa aiki ba. Ana kawo marasa lafiya daga Jigawa da Katsina, har da ƙasar Nijar. Likitoci sun yi kaɗan, wasu kuma suna tafiya aiki ƙasashen waje. Har wa yau akwai masu kai ƙaramin ciwo ɗakin gaggawa.

Doka tana bayan majinyaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Wata doka ta 2017 ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Amma doka ba ta zama jini. Sau da yawa likita yana nan, ɗakin fiɗa a shirye, sai a rasa jinin da za a ƙara wa majinyaci. Saboda haka ku riƙe waɗannan abubuwa. Kada ku tsaya shawara har dare ya yi, kada kuma ku fara kai mai karaya da buɗaɗɗen rauni wurin mai ɗori. Kada ku ba shi abinci ko ruwa a hanya, don watakila a yi masa fiɗa. Ku raka shi da lafiyayyun mutane biyu ko uku waɗanda za su ba da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuwa yana mayar da shi cikin 'yan makonni. Ƙaramin ciwo kuma ku kai shi ƙaramin asibiti na kusa tun bai yi tsanani ba, gadon birni ya samu ga wanda ya fi bukata.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.