Zafin Madina ba ya jiƙa riga

Madina na kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, da Dutsen Uhudu a arewa, baƙaƙen duwatsu kuma gabas da yamma. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 40. A Jidda, bakin teku, gumi kan jiƙa riga. Nan kuwa iska busasshiya ce, gumin na bushewa nan take, ruwan jiki na ƙarewa mutum bai ankara ba. Tsofaffi kuma ba sa saurin jin ƙishirwa. In kun kawo iyaye ziyara, ku ba su ruwa tun kafin su nema, ku kai su Uhudu da Ƙuba da sassafe. In sun fara ruɗewa, a garzaya asibiti. Allah ya tsare mu.