Shimfiɗar Ƙasa a Tankin Kifin Ado Mai Tsirrai: Abin da Ƙasar Arkilla Ke Bayarwa

Tankin kifin ado mai tsirrai akwati ne na gilashi da ake kiwon kifi da tsirran ruwa masu rai a cikinsa, kuma abin da wannan takarda ke kira shimfiɗa shi ne yashi ko tsakuwa ko ƙasar da ake zubawa a ƙasan akwatin, wadda ke riƙe saiwa, ta ciyar da tsiro, ta kuma zama matsugunin ƙwayoyin bakteriya masu mayar da amoniyar da ke fita daga kashin kifi zuwa sinadarin da tsiro ke sha. Matsayin takardar shi ne mazaunin Arkilla da ke Sakkwato ba ya buƙatar ƙasar kanti da ake shigowa da ita, irin Aqua Soil ta kamfanin da Takashi Amano ya kafa a Japan a 1982, domin yashin gulbi da marmara da ƙasar fadama suna iya wannan aiki, muddin an gwada su kafin a zuba.

Dalilin gwajin yana ƙarƙashin ƙafar mutanen yankin. Arkilla tana maƙwabtaka da Kalambaina, inda dutsen farar ƙasa ya sa aka kafa kamfanin siminti a 1962, ya fara aiki a 1967, kuma wannan dutse da ya zama arziki ga masu gini matsala ne ga yawancin tsirran ruwa. Idan ɓarɓashinsa ya shiga tsakuwa, yakan riƙa narkewa a hankali, ya ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, zuwa wajen 8, inda sinadarin ƙarfe ke wuyar shiga saiwa, sai a ga sabon ganye yana fitowa rawaya alhali jijiyoyinsa kore ne. Gwajin ba shi da tsada: a busar da cokali ɗaya na tsakuwar, a ɗiga mata ruwan khal ko na lemun tsami, in ta yi kumfa tana 'yar ƙara to a bar wa magina ita. Tifar yashi ɗaya tana iya bambanta da wata ko da daga gulbi ɗaya aka ɗebo su, saboda haka kowane ɗiba da gwajinsa.

Yashin Gulbin Rima ko na Gulbin Sakkwato da ya tsallake gwaji sai a tankaɗe shi da rariya a zaɓi mai kaurin milimita 1 zuwa 3, a wanke har ruwan bokiti ya fito garau, domin rairayi mai laushi yakan danƙare ya hana iska ratsawa. Amma yashi ba shi da abinci, shi ya sa ake sa wani abu a ƙarƙashinsa. Marmara, jan dutsen nan mai yalwar ƙarfe da ake cike hanya da shi, masu wannan sana'a ta kifin ado a Jamus sun daɗe suna sayenta a kwali, ga ta kuwa a nan a zube. 'Yar kaɗan da aka daka aka cakuɗa da yashin ƙasa ta wadatar. Hanya ta biyu ita ce wadda Diana Walstad ta bayyana a littafinta na 1999, inda ake shimfiɗa ƙasar lambu mai kaurin kimanin santimita 2.5, a rufe ta da tsakuwa mai kauri kamar haka. Ƙasar fadama, irin ta Kwalkwalawa, ta dace, sai dai a guji ta gonar albasa ko shinkafa da ta sha takin zamani da maganin feshi, kuma a jiƙa ta a shanya sau da dama kafin amfani, abin da ranar Sakkwato ke sauƙaƙawa.

Zafin garin ne ke canza lissafin kulawa. A watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ruwa mai ɗumi kuwa yana riƙe iskar oksijin kaɗan, ruɓa kuma tana sauri a cikinsa, don haka shimfiɗa mai zurfi, musamman wadda aka sa wa takin dabbobi, takan yi baƙi daga ciki ta riƙa fitar da kumfa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda guba ne ga saiwa da kifi. Ya fi kyau zurfin gaba ɗaya kada ya wuce santimita 5 zuwa 7, a kuma riƙa tsotse dattin sama da tiyo a lokacin canza ruwa ba tare da an tona ƙasa ba, a rufe tankin a lokacin hunturu saboda ƙura.

Irin tsiro da irin kifi su ma suna da ta cewa. Bado, wanda ake sayar da wani nau'insa a kantunan Turai, da saiwa yake ci, saboda haka idan ganyensa ya fara ƙanƙancewa sai a murza laka da ɗan taki kamar ƙwayar gujiya, a busar, a tura ta ƙarƙashin saiwarsa. Kainuwa a saman ruwa take, ba ruwanta da shimfiɗa. Karfasa kuwa tona take yi, kuma a tankin da aka binne ƙasar fadama takan yaye yashin sama ta gurɓata ruwan, don haka ita sai tankin tsakuwa zalla, a dasa mata tsirran a cikin ƙananan tukwane da aka danne bakinsu da duwatsu.